Lamba 2,147,483,647: iyakar mazubin kwamfuta, kuma gagara-rabon da makaho ya tantance

Ranar da aka ce a tura wa iyayen yara saƙon komawa makaranta abin ya fito fili. Wani tsohon ɗalibina ne ya haɗa mana 'yar manhajar rajista, kyauta, don mu huta da manyan littattafan nan da ɓera da damina suke ci. Mun kwashe mako biyu muna shigar da suna, da aji, da sunan uba ko mariƙi, da lambar waya. Da aka buɗe jerin don a aika saƙo, sai ga shi daga uban yaron farko har na ƙarshe lambar wayar kowa iri ɗaya ce: 2147483647.

Na kira yaron. Ya iso bayan La'asar da kwamfutarsa a jaka, bai yi minti biyu yana dubawa ba ya dafe kai.

"Malam, laifina ne. Mazubin da na ba lambar waya ya yi mata kaɗan."

Na ce, "To ita wannan da ta cika ko'ina, daga ina ta fito?"

Ya ce, "Ita ce bakin mazubin, Malam. Duk abin da ya wuce ta, sai a datse shi a rubuta ta a madadinsa."

Shi a nan saninsa da ita ya tsaya, kuma ya ishe shi aikinsa. Ni kuwa ta wata hanya na san ta, tun ina ɗalibin lissafi, kuma ban taɓa zaton zan gamu da ita a rajistar makaranta ba. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Idan mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara 68 kafin ya iso gare ta.

Asalinta mai sauƙi ne. Ɗauki ƙwayar gero ɗaya yau, gobe biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum kana ninka na jiya. Ranar da ka cika kwana 31, idan ka haɗa duk abin da ka tara, 2,147,483,647 ne cif. Ta wata fuskar, ka jera biyu sau 31 ka ninka su da juna, ka sami 2,147,483,648, ka ɗebe ɗaya. Masu lissafi suna rubuta ta 2^31 − 1. Kwamfuta kuwa da sifili da ɗaya kawai take rubutu, kuma a rubutunta wannan lamba ɗaya ce guda 31 a jere, ba sifili ko ɗaya a tsakani. Kamar 999 take a namu rubutun, wato mafi girman abin da gurabe uku za su ɗauka.

A nan matsalarmu take. Mazubin da aka fi amfani da shi wajen ajiye lamba gurbi 32 gare shi. Gurbi ɗaya an ware shi don ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, saura 31. Idan aka cika su duka da ɗaya, an zo bakin gaɓa. Lambar wayar Najeriya kuwa, da zarar an ɗauke ta a matsayin adadi, sifilin farko ya faɗi, sai ta zama lamba mai gurbi goma da ta fara da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa sama. Babu guda ɗaya da za ta shiga. Rumbun bayanan da yaron ya yi amfani da shi, MySQL ne, kuma a saitin da ya bar shi ba ya ƙin karɓa, sai dai ya datse ya yi shiru. Wasu manhajojin ba datsewa suke yi ba, juyewa suke: ka ƙara ɗaya a kan 2,147,483,647, sai ka tsinci kanka a −2,147,483,648, can ƙarshen ɗaya ɓangaren. Wanda yake ajiye kuɗi da kwabo a irin wannan mazubi, ranar da jimla ta wuce naira 21,474,836 da kwabo 47, sai riba ta koma bashi a allo.

Da na gaya wa yaron cewa wannan lamba ba ta rabuwa, sai ya ce, "Ashe shi ya sa aka zaɓe ta ta zama iyaka." Wannan zato ne da mutum zai yi cikin sauƙi, amma ba haka ba ne, kuma rarrabe su shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Lambar da ba abin da yake raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta, ɗalibai sun san ta da firam. Ni a aji gagara-rabo nake ce mata, don sunan yana tuna musu ma'anar. 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Lambarmu gagara-rabo ce, ita ce ta 105,097,565 a jerinsu. Amma zamanta iyakar mazubi bai rataya a kan haka ba ko kaɗan. Ƙaramin mazubi mai gurbi 16 iyakarsa 32,767, kuma wannan 7 sau 31 sau 151 ne. Babban mai gurbi 64 iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, shi ma 7 yana raba shi, 127 ma haka. Injiniyoyi sun zaɓi 32 ne don dacewar ƙira, sai aka yi katari 31 ta ba da gagara-rabo.

Kafin in shiga yadda aka tabbatar da hakan, ga sauran rukunonin da take ciki, don akwai waɗanda ake gani da ido. Mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. Haɗa lambobinta goma ka sami 46, don haka 3 ba ta raba ta, kuma idan aka raba ta da 9 ɗaya ke saura. Idan aka raba ta da 4, uku ke saura, kuma duk lambar da ta bar uku a hannun 4 ba ta yiwuwa ta zama jimlar murabba'i biyu, irin yadda 13 take 4 da 9. Idan aka raba ta da 8, bakwai ke saura, wannan kuma ya hana ta zama jimlar murabba'i uku. Sai an kai huɗu, kuma huɗun sun isa, domin Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba murabba'i huɗu sun ishe ta. Ba ta da tagwai, wato gagara-rabon da tazarar biyu ce kawai tsakaninsu: wadda ke ƙasa da ita da biyu ta ƙare da 5, wadda ke sama da ita da biyu kuma 3 sau 715,827,883 ce. Gagara-rabo mafi kusa da ita ta ƙasa 2,147,483,629 ce, ta sama kuma 2,147,483,659.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabtanta na jiki da jiki. Tsoffin masu lissafi suna haɗa duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta, su gwada da ita. Idan jimlar ta gaza, lambar mai gibi ce. Idan ta wuce, mai rara ce. Idan ta zo daidai, kammalalliya ce. Lambarmu gibinta ya kai maƙura, don ɗaya tak take da shi. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, gida ce mai yawan jama'a: 2 sau 3 sau 3 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331, lambobi 192 ne ke raba ta, kuma mai rara ce. Ta sama kuwa, 2,147,483,648, biyu ce zalla, masu raba ta 32 ne, kuma idan aka haɗa su ban da ita, abin da ake samu shi ne lambarmu daidai. Gibin ɗaya kacal. Gidaje uku a jere, katanga ɗaya, kowane da halinsa.

To yaya aka san ba ta rabuwa, a zamanin da ba na'ura?

An daɗe ana zato kafin a sani. Masu lissafi sun lura cewa 3, 7, 31 da 127 duk gagara-rabo ne, kuma duk siffarsu ɗaya, ninkin biyu a ɗebe ɗaya, da 2, 3, 5 da 7 a sama. Sai aka ɗauka duk lokacin da ta saman ta zama gagara-rabo, sakamakon ma haka. A 1536 Hudalricus Regius ya nuna cewa 2^11 − 1, wato 2,047, 23 sau 89 ne. Pietro Cataldi na Bolonya a Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287 a 1588, masu 17 da 19 a sama, sannan ya yi gaba ya ce masu 23, 29, 31 da 37 ma haka suke, ba tare da ya gwada ba. Pierre de Fermat na Faransa ya rushe biyu a 1640: 47 tana raba mai 23, 223 tana raba mai 37. Euler ya rushe mai 29 da 233. Cikin huɗun, 31 kaɗai ta rage a tsaye. Marin Mersenne, limamin kiristan Faransa wanda wannan dangin lambobi ya ci sunansa, ya saka ta a jerin da ya buga a 1644, shi ma ba hujja. Jerin nasa kuwa yana da kurakurai, don ya saka 67 da 257 waɗanda suke rabuwa, ya tsallake 61, 89 da 107 waɗanda ba sa rabuwa. Saboda haka kasancewar 31 a ciki ba ta isa shaida ba.

Wanda ya yanke maganar shi ne Leonhard Euler, ana furta sunan Oila, haifaffen Bazel a Suwizalan a 1707. A 1772 ya rubuta wa ɗaya daga cikin 'yan gidan Bernoulli wasiƙa ya ce ya tabbatar. Ina so mai karatu ya riƙe halin da yake ciki a lokacin. Yana da shekara 65, a San Fitasbag ta Rasha. Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa, na hagun kuma aikin yanar ido da aka yi masa a 1771 bai ɗore ba, ya koma kusan ba ya gani sam. A 1771 ɗin ce kuma gobara ta cinye gidansa. Lissafi a kai yake yi, yana faɗa ana rubutawa.

Matakin farko kowa zai iya gane shi. Idan lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗayan ya zama bai wuce tushen murabba'inta ba. 46,340 sau kanta 2,147,395,600 ne, bai kai ba. 46,341 sau kanta 2,147,488,281 ne, ya wuce. Don haka ba a buƙatar duba abin da ya haura 46,340. Daga biliyan biyu an sauko dubu arba'in da shida. Idan aka tsaya ga gagara-rabo kaɗai, 4,792 ne. Ana iya yi, amma raba lamba mai gurbi goma sau kusan dubu biyar da alƙalami, ba kuskure ko ɗaya, aikin watanni ne.

Mataki na biyu gadon Fermat ne, kuma shi ne zuciyar aikin. Bari mu gan shi a ƙaramin misali. Ɗauki 23, wadda muka ce tana raba 2,047. Fara da 2 kana ninkawa, duk lokacin da ka wuce 23 ka ɗebe ta ka riƙe saura: 2, 4, 8, 16, sai 32 ta zama 9, sai 18, sai 36 ta zama 13, sai 26 ta zama 3, sai 6, 12, sai 24 ta zama 1. Ƙirga: taku 11 ne aka dawo ɗaya. Wannan dawowar ita ce ma'anar cewa 23 tana raba 2^11 − 1. Fermat ya gano cewa tsawon irin wannan zagaye dole ya raba lambar a ɗebe ɗaya, kuma ga shi 11 ta raba 22. Haka 89: a ɗebe ɗaya 88, kuma 11 ta raba shi.

Yanzu a mai da shi kan tamu. Duk gagara-rabon da zai raba 2^31 − 1, zagayensa taku 31 ne daidai, ba zai gaza ba, domin tsawon zagayen dole ya raba 31, kuma 31 ba ta rabuwa. Saboda haka idan aka ɗebe masa ɗaya, 31 za ta raba shi. Kuma tunda mara ne, abin da ya rage cika ne, 2 ma za ta raba. Ke nan dole ya zama ninkin 62 da ɗaya a kai: 63, 125, 187, 249, 311, har zuwa 46,315. Guda 747 ne.

Euler ya ƙara wuƙa ta uku. Duk mai raba irin wannan lamba, idan aka raba shi da 8, ko ɗaya ya rage ko bakwai. Gwada da misalinmu: 23 ta bar bakwai, 89 ta bar ɗaya. Wannan ya zubar da rabin 747. Waɗanda suka tsira iri biyu ne kawai, ninkin 248 da ɗaya a kai, ko ninkin 248 da 63 a kai, ɗari uku da saba'in da 'yan kai. Cikinsu kuma galibi suna rabuwa da kansu, ba sai an gwada su ba. 63 bakwai sau tara ce, 249 uku sau 83, 497 bakwai sau 71, 559 sha uku sau 43. Na farkon da ya cancanci gwaji shi ne 311, na biyu sai an kai 1,303. Idan aka tace duka, abin da ya rage bai kai ɗari ba.

Na sa 'yan ajin ƙarshe sun yi na 311 a allo. 311 sau 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612, saura 35. Bai raba ba. Wata yarinya ta bi ta hanyar zagaye, tana ninka biyu tana ɗebe 311, a taku na 31 ta sami 36 maimakon ɗaya, ta ɗebe ɗaya ta ce, "Malam, ga 35 ɗin nan ta fito." Hanya biyu, amsa ɗaya, kuma na ga a fuskarta cewa yanzu ta yarda da kanta, ba don na faɗa ba. Irin wannan rabon Euler ya bi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga.

A ganina wannan shi ne abin koyo a lamarin. Jerin rukunoni, mara ce, gagara-rabo ce, mai gibi ce, yau waya tana fitar da shi kafin ka ɗauke yatsa. Amma kalmar gagara-rabo a nan ta ci shekara 184 daga iƙirarin Cataldi zuwa hujjar Euler, kuma abin da ya kawo ta shi ne sanin waɗanda ba sai an gwada ba.

Me ya sa suka damu da ita haka? Saboda kammalallun lambobi. 6 ita ce 1 da 2 da 3. 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid na Iskandariya, wanda littattafan Larabci ke kira Iƙlidis, ya nuna tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa duk lokacin da tarin ninkin biyu ya ba da gagara-rabo, idan ka ninka shi da ƙwayar ƙarshe da ka zuba, kammalalliya za ta fito: 1 da 2 da 4 bakwai ne, bakwai sau huɗu 28. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aiki a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanya take zuwa, Euler ne kuma ya kammala hujjar. Don haka tabbatar da lambarmu ya haifi kammalalliya ta takwas a jeri: 1,073,741,824 sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 Peter Barlow na Ingila ya rubuta cewa da wuya a taɓa gano wadda ta fi ta, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa. Lambar Euler ta riƙe kambun gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar kusan shekara ɗari. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da 2^127 − 1 mai gurbi 39, ta wata dabara da ba ta buƙatar gwada masu rabawa, wadda a siffarta ta yau take haka: fara da 4, ninka da kanta, ɗebe 2, raba da lambar da ake gwadawa, riƙe saura, maimaita. Ga 31: 4, 14, 194 ta bar 8, 62 ta bar sifili, kuma sifilin nan shi ne shaidar. Lehmer ya gyara dabarar a 1930, da ita ne lambarmu taku 29 kawai take buƙata, da danginta kuma aka tabbatar da 2^136,279,841 − 1 a watan Oktoba 2024, mai gurbi 41,024,320. Lambarmu tana da wani matsayi a cikin dangin: 31 ɗin da ke samanta ita ma 2^5 − 1 ce, wato Mersenne a kan Mersenne. Irin waɗannan huɗu kawai aka sani, ita ce ta uku.

Akwai wuri ɗaya da fuskokinta biyu suka haɗu da gaske, inda ake buƙatar ta shiga mazubi mai gurbi 32 kuma ake buƙatar ta ƙi rabuwa. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a, sai dai ta kwaikwaya. Wata hanya da Park da Miller suka ba da shawara a 1988 ita ce: ɗauki lamba, ninka da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe saura, maimaita. Daga ɗaya za ka sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, suna tsalle kamar ba tsari. Zagayen nan irin na 23 ne da muka bi ɗazu, amma wannan sai ya taka kowace lamba daga ɗaya zuwa 2,147,483,646 kafin ya dawo gida. Da mai rabawar tana rabuwa, da hakan ba zai yiwu ba. Shi kansa 16,807 bakwai ne aka jera sau biyar aka ninka su da juna. Bakwai tana yin cikakken zagaye, kuma biyar ba ta cikin masu raba maƙwabciyar nan ta ƙasa mai yawan jama'a, shi ya sa zagayen bai gajarta ba.

Ita kuwa fuskar iyaka tana nan tana jiran wasu. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa daga 1 ga Janairu 1970. Waɗanda har yanzu suke ajiye ƙirgar a gurbi 32 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar, daƙiƙa ta gaba kuma su koma 13 ga Disamba 1901. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin Boeing 787 za su iya kashe wuta idan suka kwana 248 a kunne ba a sake tayar da su ba, saboda wani maƙirgi da ke cika. Raba lambarmu da ɗari, ka mai da daƙiƙoƙin kwanaki, za ka sami 248 da rabi.

Mu dai gyaranmu bai ɗauki minti goma ba. Yaron ya mai da gurbin lambar waya na rubutu maimakon na adadi, tunda ba wanda zai tara lambobin waya biyu ko ya raba su, kuma hakan ya dawo da sifilin farko. Sai dai abin da aka datse ya tafi, ba inda aka ajiye shi. Na ce masa, "Ɗana, ɗauko kujera." Muka fito da fom ɗin da iyaye suka cike da hannu, ni ina karantawa yana bugawa, aji bayan aji, har aka kira Magariba muna kan 'yan aji biyu.